Jirgin da Zai Kai Baba Wajen Goggo

Har yau in na ji ana musu a majalisa kan wane kamfanin jirgin sama ne ya fi girma a Afirka, tashi nake in bar wurin. Su hira suke yi, ni kuwa a kan gidanmu abin ya faɗo.

Mahaifina yana da yaya mace guda ɗaya, muna ce mata Goggo, shi kuma yana ce mata Adda. Tun kafin a haife ni mijinta ya kora shanu suka yi kudu, daga wannan mashaya zuwa waccan, har suka zauna a Afirka ta Tsakiya. Baba kuwa ya rage garkensa ya kama noma a wani ƙauye kusa da Kiyawa. Wata damina 'yar Goggo ta kira ta ce jiki ya yi tsanani, kuma tsohuwa ba ta da magana sai ta ƙanenta, so take ta gan shi.

Na ɗauko Baba a babur muka shigo Dutse. Fasfonsa na aikin Hajji bai ƙare ba, sauran takardu kuma aka ce za su samu. Muka shiga shagon wani mai sayar da tikiti, ya juyo mana da kwamfutarsa.

"Alhaji, hanya biyu ce," in ji shi. "Akwai babban kamfanin nan na gabashin Afirka. Zai ɗauke ku daga Kano ya kai ku can ƙasarsu, sannan wani jirginsu ya dawo da ku inda za ku. Ko kuma ku bi ƙananan kamfanoni, daga Kano zuwa Legas, daga nan a haɗa ku da wani."

Baba ya ce a nuna masa a taswira. Aka nuna. Ya ɗora yatsa a kan Kano, ya ja shi har ƙarshen gabas, ya dawo da shi tsakiya, sannan ya dube ni kamar ni na zana hanyar.

"Wato in wuce ta saman kan Adda, in je wata uwa duniya, sannan in dawo? Ita da ƙafa ta je, ba ta yi wannan kewayen ba."

Na ce, "Baba, kewayen ya fi tabbas. Su jiragensu da yawa ne, in ɗaya ya lalace sai su fito da wani. Namu ɗin nan, wani kamfanin duka jiragensa ba su cika yatsun hannu ba."

"Kai dai komai na wasu shi ne mai kyau. Ƙasa kamar tamu a ce ba mu da jirgin da zai kai mutum maƙwabta? Ni ba na tsallake na gida in je wajen baƙo."

Wallahi raina ya ɓaci, amma a gaban mutane ba ka ja da mahaifinka. Kuma abin haushin, tambayar da ya yi ni ma ita ke cina. Ga filin jirgi a Dutse, shimfiɗeɗe, daga nan Baba ya tashi zuwa Makka. Ga yawan jama'a, ga 'yan kasuwa, ga baki da muke da shi in ana maganar girma. Amma in za ka gaida 'yar'uwarka a ƙasar da shanu ke zuwa da ƙafa, sai ka nemi alfarmar kamfanin da ke can ƙarshen nahiya. Muka sayi na gida.

Ranar tafiya Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya ƙulle tsaraba a buhu: kuka, daddawa, da gero kwano biyu daga gonarsa, wai Adda ta sha kunun gida. Na ce za a caje mu kuɗin kaya, ya ce a caja. Muka hau mota zuwa Kano, muka zauna a filin jirgi tun hantsi. Aka ce an ɗaga zuwa azahar. Aka ce la'asar. Daga baya wata ma'aikaciya ta fito ta ce jirgin yana wajen gyara, wanda zai maye gurbinsa kuma ya tafi wani gari. A daidai lokacin jirgin babban kamfanin nan ya sauka, ya kwashi mutanensa ya tashi, muna kallo ta gilashi. Na kawar da kai. Baba ma bai dubi inda nake ba.

Jirgin da zai karɓe mu a Legas ba kullum yake tashi ba, don haka shi ma ya wuce mu. Muka dawo gida da buhunmu. Na koma wajen mai tikiti na ce a mayar da mu babban kamfanin, ko nawa ne. Ya ce kujerun kwanakin nan sun cika, sai mu jira. Kullum ina kan waya, kullum amsa ɗaya: a yi haƙuri. Baba ya hana a kwance buhun, yana nan a jingine a zaure, kaji suna zagaya shi.

Goggo ba ta jira ba. Wata rana da safe 'yarta ta kira, na miƙa wa Baba wayar. Ya saurara, ya yi salati, ya miƙo mini, ya ce a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Muna zaune ana karɓar gaisuwa, mutanen ƙauye suna shigowa ana addu'a ana shafawa, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga ƙaramin kamfanin, wai jirgi ya gyaru, gobe za mu tashi, suna godiya da haƙurinmu. Na ji kamar in buga wayar da bango.

Baba ya ga fuskata ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Masu jirgi ne, Baba. Wai gobe."

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Ka ce musu su ba wani kujerar. Wataƙila shi nasa yana da rai."