Zuwa Illela da Masanin Gimbiyar Faransa

Birnin Konni

Muna idar da sallar asuba muka hau kabu-kabu zuwa tasha, ni da ƙanena Sahabi, ɗan baffana. Ya daɗe a Faransa yana karatu a kan wata ɗiyar sarki da ta mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Da ƙyar na shawo kansa mu je Illela mu ɗauko Gwaggo Hajo, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, mu kai ta asibiti. Ƙafarta ta kumbura har ba ta iya takawa.

Tsarnawa

Kafin jandarma su gama duba takardunmu, Sahabi ya fara lacca. Gimbiyar nan, in ji shi, ubanta sarki ne, uwarta ɗiyar wani sarkin, yayyenta uku kuma suka yi ta yaƙi kan sarauta. Ya lissafo mijinta, surukanta, har limamin cocin da ya koya mata karatu. Direba ya leƙo shi ta madubi ya ce, "Malam, 'yar uwarku ce?"

"Tarihi ne," in ji Sahabi, yana gyara tabarau.

Badagishiri

A nan muka sauka muka sha fura, muna jiran motar Illela. Shi bai sha ba, wai cikinsa ya manta gero. Amma bakinsa bai manta aikinsa ba. Har muryarsa ta yi rawa da ya zo inda gimbiyar ta kwanta ciwo a wani gidan dutse mai sanyi, yayyenta suna can suna rabon ƙasa. "Ka ga rashin imani, Yaya?" Na ce na gani.

Illela

Mun isa rana ta take. Sahabi ya durƙusa gaban wata maƙwabciya da ta zo sannu, yana ta "Gwaggo, ina gajiya." Sai da na juya shi wajen tabarmar da Gwaggon take. Ta kama hannunsa ta ƙi saki, ta tambaye shi abin da ya riƙe shi a can. Ya ɗauko labarin daga farko. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, ɗana, ka kawo ta in gan ta tun ina da sauran numfashi."

"Ai ta daɗe da mutuwa, Gwaggo."

"Allah sarki. Kai kaɗai ka yi jinyarta?"



Malbaza

Washegari muka ɗauko ta. Muna isa mararrabar Tsarnawa ya ce a tsaya. An gayyace shi Yamai ya yi jawabi kan 'ya'yan gimbiyar, kuma ba a ɗaga irin wannan taro. Ya sauke jakarsa ya tsallaka titi. Mu muka yi gabas. A asibiti na goya Gwaggo daga mota zuwa gado. Likita ya duba ƙafar ya ce saura kaɗan da sai an yanke.

Komawa gida

Da aka sallame mu na kawo ta gidana a Konni, inda matata ke wanke mata ciwon safe da yamma. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa direban da ya lallaɓa ramukan hanya saboda ita. Jiya ta taka da kanta har ƙofar gida. Sahabi ya bugo waya ya ce an tafa masa sosai.