Bandar Iware a Kwanon Surukina

Surukina Bafulatani ne na gidi, mai shanu, wanda tunda aka haife shi bai taɓa sa kifi a baki ba. Kullum cewa yake yi abu mai ƙarni ba abincin mutum ba ne. A shekarun farko da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ciwon gwiwa ya kawo shi asibiti, ya sauka gidanmu a unguwar Turaki. 'Yarsa, wato uwargidana, ta yi ta lallashi har ya yarda zai ɗanɗana.

Na aiki direban ofishinmu ya sayo mana bandar kifi a garin Iware. Ya kawo ta a naɗe, baƙa wuluk, an soke da tsinke kamar kowace tarwada, sai dai babu kai. Na tambaya, ya ce, "Oga, kai ya ƙone wurin banda, shi ya sa mai sayarwar ta cire."

Aka yi miyar kuɓewa, aka kai wa tsoho nasa ɗakin baƙi, aka saki labule. Ni na zauna tsakar gida ina kai loma kamar wanda ya shekara a kurkuku. Naman ya yi tauri, na ce kifin ne ya tsufa. Can na jawo ƙaya, ta ƙi ƙarewa. Wallahi da na ci gaba da ja, da ta kai Yelwa. Gaɓa-gaɓa ce kamar carbi, kowace gaɓa da haƙarƙari biyu a lanƙwashe. Ƙayar tarwada a miƙe take, fatarta kuma sulɓi gare ta. Wannan kuwa na juya fatar na ga layi-layi a kwance, irin na cikin abin da ke jan ciki.



Na ce wa uwargida, "Ke, zo nan. Maciji kika dafa mana."

Ta duba, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, Baffa fa yana ci!"

"To shiga ki ɗauko kwanon."

"In ce masa me? Kai ka shiga, ai kai ka sayo."

"Ni? In shiga wa surukina yana cin abinci? Kina so a yi da ni har rugar kakanninku?"

Gaskiya ce kuwa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin bakinsa yana motsi da abinci ba, shi ma bai ga nawa ba. Muka tsaya bakin labule muna ture juna, muna jin tsotsar ƙashi, tsut, tsut. Kowace tsotsa sai na ji kamar abin yana tafiya a bayana. Na kuskure baki da toka, da sabulu, saura kaɗan in haɗa da kananzir.

Kwano ya fito tas, kamar an wanke. Tsoho ya yi gyaran murya daga ciki ya ce, "Ashe haka kifi yake? Allah ya yi albarka."

Na ce amin. Muka haɗa ido da uwargida, muka rufe maganar a nan.

Da ya dawo ganin likita, ni da kaina na je kasuwa na zaɓo tarwada mai kai, mai gashin baki, har bakinta sai da na buɗe na leƙa. Kwano ya dawo da fiye da rabi. Tsoho ya kira 'yarsa ya ce ta gaya wa mijinta an cuce shi a kasuwa, ya nemo irin na wancan karon.