Kumbon da Ba Ya Tashi Sai Ya Cika

Yara 'yan sikawut sun ƙirga har sifili, amma kumbon kwalin da za su ruga da shi duniyar wata ko motsi.

Duk iyayen da muka taru a unguwar Oloumi, malamarsu ta rasa wanda za ta naɗa matuƙi sai maƙwabcina Ilu, direban bas ɗin garin Ntoum.

Ta ce, "Malam Ilu, a tashi mana."

Ya leƙa ya ce, "Madam, da sauran wuri. Yara, ku matsa."

Ya dinga cusa yara har kwalin ya dare. 'Yata Hadiza, wadda ta sha wahalar fentinsa, ta daina gaishe da Ilu.

Shi ko a jikinsa, wai ko duniyar wata za a je, ba a tashi da rabin lodi. Naku direbobin ma haka suke?