Hannun Hagun Malam Yohanna

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Malam Yohanna, mai zanen allunan shaguna a Kwamba, maƙwabcina kuma abokina. Matasan unguwar ba su san shi ba, amma iyayensu sun yi aski a ƙarƙashin kawunan da ya zana wa masu aski, sun ci tuwo a rumfunan da ya rubuta wa suna.

Ni tela ne, bango ɗaya ya raba shagona da nasa. A lokacin gwamnati ba ta daɗe da tasowa daga Legas ba, ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu sun cika Suleja, matansu kuma suna zuwa mini da ɗinkunan da ban taɓa gani ba. Mace za ta yi ta kwatance da baki, in gyaɗa kai, in yanka yadi, ranar karɓa a tashi baran-baran. Shi kuwa yana jin komai ta bango. Wata rana ya leƙo ya ce, "Malam Sani, ka koyi zana mutum mana. Ka nuna mata rigar a jiki tun kafin almakashi ya taɓa yadi." Na ce da wannan furfurar? Ya ce gemu ba ya hana ilimi.

Haka na shiga ajinsa na ranar Asabar bayan la'asar. Benci ɗaya ne a ƙofar shago: ni, da wani bakanike da ke hawo acaɓa tun daga Gauraka, da Malama Talatu, malamar firamare da ta gaji da ɗalibanta suna yi wa zanenta dariya. Takardarmu ta buhun siminti ce, alƙalaminmu gawayi. Mutumin da na fara zanawa kansa kamar tulu, ƙafafunsa kamar tsinken tsintsiya. Watanni suka wuce ban ga abin da ya sake ba, sau da yawa na rantse ba zan koma ba.

Malam Yohanna ba ya yarda a yaga zane. Ya ɗaura igiya a cikin shagon, yana rataye su kamar shanya, tsofaffi a wancan ƙarshe, sababbi a wannan. Duk wanda gwiwarsa ta yi sanyi, ba zai yi masa wa'azi ba. Hannunsa zai kama, ya bi da shi daga farkon igiyar har ƙarshe. In ka iso ƙarshe kai da kanka za ka ga kan ya ragu, ƙafar ta fara taka ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne hannu, sai muka ɓullo da dabara. Ni duk mutumin da na zana babbar riga nake zura masa, hannu ya ɓace a ciki. Talatu ta lulluɓe matanta da mayafi, bakanike kuwa kowa nasa hannu a aljihu. Malam zai ɗaga takarda ya duba, ya ce, "Wannan bawan Allah sata ya yi ne? Fito masa da hannu." Yakan ce mummunan hannun da ke fili ya fi wanda aka ɓoye, domin shi ne za a iya gyarawa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Suleja ta yau. Allunan fenti sun kusa ƙarewa, inji ke buga hoton shago kafin ka gama shan shayi. Ba na jin zai yi fushi da inji, mutum ne mai son sabon abu. Abin da zai dame shi shi ne yaran da ke kallon gwani a waya yana zana fuska cikin ƙiftawar ido, su gwada sau ɗaya, su jefar da fensir. An nuna musu ƙarshen igiya, ba a nuna musu farkonta ba.

Wata damina ya yanke jiki ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya dawo daga jinya yana dogara sanda, sai na gan shi cikin babbar riga, shi da bai taɓa sa ta ba, hannun dama yana can ciki a ɓoye. Ya bar shagonsa a rufe, yana wuni a nawa. Har ya ce in raba wa yara burusansa. Na ji tsoro ƙwarai, domin na ga ba hannu kaɗai ya mutu ba, mutumin ma yana bin sa a zaune.

Ran wata Asabar Talatu ta zo, ta ajiye takarda da gawayi a gabansa. Ya girgiza kai. Ta dube shi ta ce, "Baba, sata ka yi ne? Fito da hannun." Wanzami ba ya son jarfa, fuskarsa ta murtuke, na ɗauka shi ke nan. Can sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya sa hannun hagu ya zaro na daman daga riga, ya ɗora shi a kan takardar ya danne ta don kada ta motsa, ya ɗauki gawayi da hagu.

Abin da ya zana ranar ko nawa na farko ya fi shi kyau. Shi da bakinsa ya ce a rataye shi a farkon igiya. Daga nan ya sake buɗe shagonsa, ya bar kujerarsa ta malami ya dawo bencinmu, yana koyo tare da mu, yana ɓatawa, yana tsaki, yana sakewa. Ban taɓa ganin girman mutum kamar yadda na ga nasa a kan bencin nan ba. Hagun bai taɓa kamo daman ba, shi ma ya sani, amma bai fasa Asabar ɗaya ba sai da ciwo ya sake kwantar da shi.

Aikinsa na ƙarshe allon shagona ne: mace cikin riga da zani, hannuwanta duka biyu a waje. Yatsun sun karkace, babban yatsa ya yi tsawo. Da ya miƙo mini ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Sani, aikin ɗan koyo ne." Allon yana nan. 'Ya'yana sun sha cewa a buga na inji, na ƙi. An sabunta fentin rigar da na rubutun, amma hannuwan ban bari kowa ya taɓa ba.

Kwanan baya jikata ta kawo mini zanenta tana kunya, wata yarinya ce ta zana da hannuwa a bayanta. Kafin in ankara na ji bakina ya ce, "Sata ta yi ne?" Da yamma na nemo igiya na ɗaura a shago, na rataye takardar a farkonta.