Yadda Na Koma Ƙarshen Sahu

Lokacin da anka saki ruwan Bakolori cikin hanyoyin siminti, ni ƙato ne mai ji da ƙarfi, ina da fegin shinkafa wajen Bakura. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba a faɗa mini in ji. Ga gada nan kusa, ni kuwa tsallake ruwan nake da buhu a kai. Wata rana na dira, gwiwar dama ta yi ƙara, na zube. A babban asibiti anka ce jijiya ce ta tsinke, anka yi mini aiki, sannan anka haɗa ni da wata ma'aikaciyar gashin ƙashi. Ta nuna mini yadda zan riƙa jan diddige ina lanƙwasa ƙafar, in ɗaga in sauke, kullum, ko da zafi, kuma in riƙa dawowa.

Ina isa gida sai ga kawuna na Dosara, wanda ɗori gadonsa ne, ya zo dubiya. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin an gyara ƙafa ana girgiza ta. Ya ɗaure ta da karan dawa, ya ce kar ta motsa. Gaskiya maganar ta yi mini daɗi, don kwanciya ta fi waccan azabar. Na miƙe bisa tabarma ƙarƙashin dogonyaro kamar hakimi, masu sannu na shigowa da fura da ƙwai, har kumatu na yi. Matata kaɗai ke mita, wai likita ba karaya ya ce ba. Na ce ta ji da tukunyarta.

Ranar da anka kwance karan, ƙafa ta zama taɓarya. Tafiya ba ta dame ni ba, tsuguno ne ya gagara, kuma wanda bai tsuguna ba ba ya dashe, ba ya zaman tahiya. Na koma asibiti kaina ƙasa. Matar nan ta dube ni tana dariya, ta ce Malam ya yi ƙiba, ƙafa ta sha barci. Ta kifar da ni bisa gado ta fara dannawa, ni mai ɗaukar buhu sai ga ni ina kiran innata. Watanni na yi ina zuwa, ina murza wani keke da ba ya zuwa ko'ina.

Rabin lanƙwasar ƙafar ya dawo. Ina hawan keke, ina noma a duƙe, amma dashe sai ƙanena. Har yau ƙarshen sahu nake tsayawa a masallaci don in miƙe ƙafar ban shuri kowa ba, abokaina na kirana mai gadin bango. Kawu ya rasu yana faɗin ba don shi ba da an yanke ta. Ban riƙe shi ba, kaina nake jin haushi, don zafi na guje wa, na fake da kawu. Duk wanda anka yi wa aikin gwiwa, ka lanƙwasa ta tun tana yarda. Wurin bangon nan na mutum ɗaya ne, kuma na riga ka.