Tagar Baya a Ɗakin Ersilia

A Napoli idan watan Agusta ya kama, teku ba sanyi yake aiko mana ba, tururi yake aikowa. Mutum zai fito daga wanka, kafin ya gama sa maɓallin riga ya sake jiƙewa. Shanya ta kwana a igiya ta wayi gari da danshinta, gishiri ya dunƙule a gwangwani, magidanta su zube a ƙofar gida daga su sai singileti suna zagin gwamnati da ɗan ƙarfin da ya rage musu. Amma ka tambayi kowace tsohuwa a unguwarmu abin da take tsoro a wannan lokaci, ba za ta ce maka zafi ba. Iska za ta ce. Ba ta hadari ba kuwa, siririyar nan da ke ratsawa tsakanin taga da ƙofa ta tarar da mutum yana gumi. Bugun iska muke ce mata, kuma babu ciwon da ba mu ɗora mata ba, tun daga ƙagewar wuya da ciwon kunne har mugun hali.

Cikin masu wannan tsoro babu kamar Donna Ersilia (Donna laƙabin girmamawa ne da muke yi wa mata), mai guga a wani gidan wanki da ke yi wa otal-otal na bakin teku aiki. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya rani da damina. Tun tana budurwa take tsaye a kan dutsen guga, tururi na dukan fuskarta daga safe har la'asar. Sababbin 'yan mata sukan yanke jiki su faɗi a makon farko, ita ko gezau. Sai ta yayyafa wa yarinya ruwa ta ce, "Tashi, 'yar nan, zafi bai taɓa kashe kowa ba. Ke kuma rufe min ƙofar can."

Ba haka kawai ta zama haka ba. Tana yarinya tana da ƙane, Sabatino, wanda ya dawo wata rana daga iyo a bakin tashar jiragen ruwa, ya baje a ƙasa tsakanin ƙofa da taga ya yi barci. Ya tashi da zazzaɓi, bai ga ƙarshen makon ba. Allah kaɗai ya san abin da yaron ya haɗiya a wannan ƙazamin ruwa. Uwarsu dai tambaya ɗaya ta yi a gaban gawa: "Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?" Ersilia ce ta bari. Ba a sake tayar da maganar ba, ita kuma ba ta sake barin ƙofa a buɗe ba.

Sai Allah ya haɗa ta da Aniello, ɗan dako a tashar jiragen, ƙato mai ƙatuwar murya, wanda ko a fili yake sai ya ce wuri ya yi masa kaɗan. Rigarsa ta kirki ɗaya ce, kullum sai ya cukuikuye ta da gangan ya kawo guga, har mai gidan wankin ta ce masa ko ya auri yarinyar nan ko ya sayi riga ta biyu. Ya ce auren ya fi sauƙi. Suka tare a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene, daidai ƙarƙashin rufin da aka shafe da kwalta. Taga biyu ce a ɗakin. Ta gaba tana kallon lungu, ba ta kawo komai sai ƙaurin suya da faɗan maƙwabta. Ta baya tana kallon teku, kuma a kanta suka yi zaman aurensu: ya buɗe ta rufe, ta juya baya ya buɗe. Ya laƙaba mata suna Janar. Yakan ƙame ya sara mata, sannan ya miƙa hannu ta saman kanta ya zare sakata. Suka haifi 'ya ɗaya, Mariarca, wadda ta girma ta yi aure ta koma Torino.

Ana dab da sallamarsa daga aiki, wata ranar zafi, ya fito daga cikin jirgi sharkaf da gumi, ya shiga shagon gahawa ya zauna gaban fanka ya buɗe ƙirji. Bai gama shan gahawar ba bakinsa ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne, da taba, da cin gishiri. Ersilia ta saurare shi cikin ladabi, da ta fito ta ce ɗan Milano ne, me ya sani game da iskarmu? Lungu kaf ya goyi bayanta. Ranar da aka hauro da Aniello gida a kan kujera, ɓarin jikinsa na dama a shanye, ta cusa tsumma a duk wata kafa ta tagar baya, ta naɗe sakatar da waya.

"Janar ta ci yaƙi," in ji shi da karkataccen bakinsa.

Ta yi dariya, ta shiga kicin ta yi kuka.

Maganar gaskiya, ba a taɓa jinyar mutum a lungun nan kamar yadda ta yi jinyarsa ba. Ita ce wanka, ita ce aski, ita ce yanka masa taliya ƙanana ta ba shi a baki yana yi mata tsiya. Ta sa masa singiletin ulu don ya tsotse gumi. Ruwan sanyi kuwa ta hana, don a wurinmu mai gumi ya sha ƙanƙara cikinsa ne zai ƙulle. Sai kwalbar ruwan famfo da take ajiye masa a kan tebur, wadda kafin tsakar rana ta yi ɗumi.

Bazarar bara ta zo da abin da tsofaffi ma suka ce ba su taɓa gani ba. Sama ta yi fari fat, dutsen Vesuvio ya ɓace cikin tururi, motocin asibiti suna wuni suna jiniya. A rediyo ana ta cewa a ba tsofaffi ruwa, a sa su inda iska ke wucewa. Mariarca ta hau jirgin ƙasa ta zo da fanka a kwali, tana shiga ɗakin ta ja da baya.

"Mama, nan ai ba a numfashi! Ki dubi Baba, kamar an tsamo shi daga tukunya."

"Ke ce kika saba da sanyin Torino. Mu a nan muka tsufa."

"To ki buɗe ta bayan nan, ko da la'asar kawai."

"Ki kashe min shi ki koma gidanki, ko? Fanka ce ta mayar da shi haka, shi ne kika kwaso min wata har gida."

Da ƙyar aka daidaita a kan a kunna fankar, amma a juya fuskarta bango.

"Bangon nan ya gode, Mariarca," in ji Aniello. "Tun da aka gina shi bai ji daɗi irin na yau ba."

Mariarca ba ta yi dariya ba. Ta sauka bene tana share hawaye, kuma kafin jirginta ya bar gari fankar ta koma kwalinta a saman kabad.

Abin da ya riƙe Aniello a waɗannan kwanaki kwando ne. Kamar kowane gidan sama a unguwar, suna da kwando mai doguwar igiya da ake zurawa ta taga a saka burodi a jawo. Ƙarƙashin tagar gaba kuwa rumfar Catello take, tsohon abokin dakonsa da ya koma sayar da ruwan lemun tsami da ƙanƙara. Da zarar Ersilia ta sha kwanar lungu, sai Aniello ya ja kujerarsa da ƙafar lafiya, ya zura kwando.

"Ɗan kurkuku, ya aka kwana?" Catello zai ɗaga kai ya ce.

"Ana nan ana dahuwa. Ƙara ƙanƙara, ɓarawo, kada ka yi min rowa."

Da hannu ɗaya yake jawo igiyar, ya cije ta da haƙori, ya sake kamawa ya ja. Yakan yi haka sau da yawa a wuni, kuma kusan shi ke nan ruwan da ke shiga cikinsa. Sai ya kama ɗan tari. Ersilia tana gyara masa shimfiɗa ta tsinci kwalba ƙarƙashin matashi, da sauran sanyinta. Ta sauka a fusace, ta tara wa Catello jama'a.

"Kai Catello, ka ji kunya! Mutum yana gumi kana ɗura masa ƙanƙara? In ya mutu kai za ka haƙa kabarin?"

"Donna Ersilia, mutumin nan fa a tanda yake. Ni daga nan ƙasa ina jin hucin ɗakinku."

"Ni da nake wuni a kan dutsen guga ka ga na mutu?"

"Ke ai ƙarfe ce. Shi mutum ne."

Nan ne kuskurenta yake, kuma abin takaici ne ƙwarai. Da jikinta take auna zafi. Wadda ta fito daga tururin guga, ɗakin nan hutu ne a wurinta. Ta hau ta kwance igiyar daga kwandon, ta naɗe ta jefa a jakarta, tana tafiya aiki da ita.

"Janar," in ji Aniello, "ko fursuna ana ba shi ruwa."

"Ga ruwa nan a gabanka."

"Wannan na wanke ƙafa?"

Ta dafa kansa. "Ka yi haƙuri zuwa ruwan farko na Satumba, tsohon banza. Ni ban shirya zama ni kaɗai ba."

Ya dube ta ya daɗe. Yana son matar nan, kuma ya san tsoronta daga inda ya taso.

Bayan 'yan kwanaki ta dawo da tsakar rana ta ba shi abinci. Ƙarfen matakala ba ya taɓuwa don zafi. Ta tarar da shi shiru a kujera, fuska ta yi ja, ruwan kwalbar yana nan yadda ta bar shi. Ta zura hannu ƙarƙashin singiletin, ta ji fatarsa a bushe ƙamas. Sai murna ta kama ta, don mutum mara gumi iska ba ta da abin kamawa a jikinsa.

"Ka gani ko? Yau ko ɗigon gumi babu. Jikinka ya fara sabawa."

Ya zuba wa silin ido ya ce, "Ku ɗaga murfin, yara. Akwai mutum a ƙasan jirgi."

"Kai dai da iya shege," in ji ta. Ta matsar masa da kwalbar, ta koma, don zannuwan gado na otal suna jiranta a jibge.

Da la'asar sakaliya ta buɗe ƙofa ta ga kujera babu kowa. Yana kwance a ƙasa ƙarƙashin tagar baya. Yadda ya ja rabin jiki ya kai can, shi da Allahnsa. Ya zaro tsumma daga kafa ɗaya, wayar sakatar ta yanke masa yatsu amma ba ta kwance ba, don Ersilia ba ta aikin ganganci.

Ihunta ne ya hauro da Catello, shi ya kira motar asibiti. Ma'aikacin da ya zo ya durƙusa ya taɓa wuyan Aniello, ya girgiza kai. Ya miƙe yana haki zai buɗe taga, ya ci karo da waya.

"Wa ya ɗaure tagar nan?"

"Ni ce."

"Saboda me?"

"Saboda iska."

Mutumin bai yi mata faɗa ba. Shi ma da hankici ɗaure a wuyansa. Ya ce a hankali, "Uwata ma haka take. Amma zafi ne ya kashe shi, Donna. Ya dahu ne a zaune."

Aka yi jana'iza a coci, zafi ya sa limamin ya gajarta addu'a. Mariarca ba ta ce wa uwarta uffan ba a kan taga, kuma da ta zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta kwana biyu ta koma.

Ranar da Ersilia ta koma aiki, ta dawo da la'asar jiƙe da gumi tun daga wuya har ƙugu. Ta kwance ƙyallen wuyanta ta ajiye. Ta warware wayar, ta zare sauran tsummokaran, ta tura tagar baya. Ta buɗe ta gaba, ta wangale ƙofa, ta jawo kujerar Aniello daidai tsakiya ta zauna, ta ba iska baya. Ta san abin da take nema. In dai iskar ta buge ta, to ba a banza ta rufe Aniello ba.

Iskar ta taso daga teku da warin gishiri da man jirgi. Ta ɗaga labule, ta bi ta ƙeyarta, ta shiga rigarta ta busar da gumin. Ersilia ta runtse ido tana jiran wuya ya ƙage, tana jiran baki ya karkace. Babu abin da ya faru. Daɗi kawai ta ji, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya, kuma duk shekarun nan yana nan bayan wannan katako, kusa da kujerarsa. Shi ne ta kasa ɗauka. Catello daga rumfarsa ya ji kukan, ya ajiye wuƙar lemunsa ya sunkuyar da kai.

Tun daga ranar, kullum ta taso daga guga sai ta buɗe duka ukun ta zauna a tsakiya da guminta, tana jira. Satumba ta zo da ruwanta ta wuce, ba ta fasa ba. Har yau ko atishawa ba ta yi ba.