Jif ɗin Baffa Mai Walda

Takwara tana shekara bakwai ranar da ƙyauren gidansu ya ɓalle, ta ji babanta ya ce, "A kira Gingimari." Ta ruga bakin titi tana jiran ƙatuwar mota. Sai ga wani mutum a ƙafa, mai faɗin kafaɗa, yana turo injin walda a baro. Ƙanen babanta ne, ciki ɗaya. Ya tsuguna ya ce, "Uwata, kin tashi lafiya?" domin sunan mahaifiyarsu aka sa mata. Duk gidan ita kaɗai ta riƙa ce masa Baffa.

Ƙofofi da tagogi yake yi a wata rumfar kwano bayan tasha. Ƙofar da ya haɗa, ɓarawo kallonta yake yi ya wuce, amma sai ƙarti huɗu sun taru kafin a kafa ta. In aka miƙo masa ƙarfe, sai ya auna a tafin hannu ya ce, "Wannan ai takarda ce." Magana ma a hankali take fito masa, kafin ya kai ƙarshen zance an riga an yi dariya an watse.

Kaka a gidan babban ɗanta take zaune, wato baban Takwara, mai kantin magani da mota mai sanyi. Shi take sa wa albarka safe da yamma. In Baffa ya zo gaisuwa, sai ta ce ya zauna daga bakin ƙofa, warin ƙarfe na tayar mata da tari. Da ƙafafunta suka mutu, ba ta da zance sai na kufan gidan ubanta a kan wani tsauni, inda ruwa ya cinye hanya tun da daɗewa. "In gan shi sau ɗaya kafin in mutu," in ji ta. Babban ɗa yakan ce, "In Allah ya yarda, Inna," yana danna waya.

Baffa ne ya ɗauki maganar da gaske. Ya samo wata ƙaramar jif mai ƙofa biyu a bayan garejin wani tsohon bakanike, ta girmi Takwara, kaji na ƙwai a kujerar baya. Amma tayoyinta huɗu duka suna ja. Ranar da ya saya, tsohon ya ce masa, "Wannan akuya ce, rashin nauyi ne ƙarfinta. Ka ɗan ɗaga ta, ka sa mata taya mai haƙora, ka ƙyale ta haka."

Baffa ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa. "Gwangwani. Uwata fa zan ɗauka a ciki."

Shekara ɗaya da rabi yana kanta. Lokacin Takwara ta gama sakandare, takan kai masa abinci ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallo. Ya yi bamba da bututun ƙofar gida. Ya kewaye rufin da rodi, kada ta kife da Inna. Ya shimfiɗa wa cikinta farantin ƙarfe irin na ƙofar shago, ya ƙara matakala uku. Duk abin da ya tsorata a kansa, sai ya liƙa masa ƙarfe. Takwara ta lura motar da aka ɗaga tana komawa ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, amma ba ta iya faɗa ba, ganin yadda yake shafa ta.

Ranar tafiya, baban Takwara ne ya tara dangi: mota uku, tabarmi, kular lemo. "Ku zo ku ga abin tarihi," yake cewa, yana ƙifta wa surukinsa ido. Aka ɗauko Kaka aka zaunar a cikin jif. Jif ta ratsa yashin busasshen rafi da ƙyar, ta kama hawa. Ba ta yi tsawon gida biyar ba injin ya fara kuka, ƙaurin kuloci ya cika wurin. Ta tsaya. Sannan ta sulalo da baya a hankali, ta zauna cikin yashi har ciki.

Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Baban Takwara ya ɗaga waya yana ɗauka. "Gingimari! Ƙofa ka kawo mana ko mota? Ina makullin, mu buɗe mu shiga?"

Mutum takwas suka tura, ko motsi. Ana cikin haka wani mai babur da buhu biyu ya ratsa su, ya haye tsaunin yana waige.

Baffa ya zagayo ya durƙusa a kan matakalar, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Inna, ki hau bayana. Wallahi zan kai ki."

Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wata tara na ɗauke ka, ban tsira da komai ba sai ciwon baya. Matsa. Kira min yayanka."

Tarakta ce ta janyo motar washegari. Bidiyon kuwa ya zaga dangi kaf, har jikoki na wasan Gingimari: ɗaya ya yi rarrafe da baya, sauran su faɗi suna shewa.

Baffa ya koma rumfarsa. Cikin mako guda ya yanke duk ƙarfen da ya liƙa, ya tara shi tsibi a gefen rumfa. Ya tafi shi kaɗai, jif ta haye tsaunin kamar ba hawa ba. Da ya zo da labari, yayansa ya tare shi a tsakar gida ya ce likita ya hana a motsa Inna. Daga ɗaki Kaka ta ce a gaya masa ya isa haka.

Kwana tara kafin rasuwar Kaka, Takwara ta zauna a gefen gadonta ta nuna mata hotunan kufan guda shida a waya: rusasshen bango, bakin rijiya, kututturen bishiya. Kaka ta riƙe wayar da hannu biyu tana kuka, tana kiran sunayen matattu. Ta sa aka kira babban ɗanta, ta dafa kansa ta yi ta zuba masa albarka. Ya karɓa da "Amin, Inna," bai ko tambayi dalili ba.

Takwara ta yi shiru, har yau kuma shirun na cin ta. Domin da hantsin ranar Baffa ya tsaya a waje, ya tura mata hotunan, ya riƙe hannun rigarta.

"Uwata, ki nuna mata. Amma kada ki ce ni ne. Ki ce babanki ya aika aka ɗauko, don ta yarda ta kalla."